1942 na Capcom: wasan ne mai kyau, ko ƙuruciya ce ke ruɗar mu?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da 1942 na zo, wasan jirgin nan na Capcom da kusan duk rawayen kaset ɗin da aka rubuta wa lamba mai tara-tara a goshi yake ɗauke da shi. Na koma masa a 'yan kwanakin nan, kuma ga hukuncina, wanda zai ji haushi ya ji: a minti goma na farko babu wasan jirgin da ya kai shi daɗi, bayan nan kuma sai ya koma aikin gayya.

Abin da ya burge ni shi ne rashin hayaniyarsa. Jirgi ya tashi daga kan katafaren jirgin ruwa, kai kuma abu uku kawai aka ba ka: ka matsa, ka harba, ka yi alkafura. Alkafurar nan ita ce ran wasan. Kana cikinta babu abin da zai taɓa ka, amma kai ma ba ka harbi, kuma inda za ka sauko ba lallai ya fi inda ka baro aminci ba. Uku ake ba ka a kowane mataki, wadda ba ka kashe ba kuma a biya ka maki 1,000 a kanta idan ka sauka. To ka ga ciniki ya faɗa: ka kashe ta ka tsira, ko ka riƙe ta ka ci riba, ko ka riƙe ta a kashe ka da ita a aljihu. Mafi yawan mutuwata a wasan nan da alkafura uku cur a hannuna nake yin ta.

Amma mataki 32 fa, jama'a. Teku shuɗi, tsibiri kore, teku shuɗi, tsibiri kore. Kuma kiɗan, Allah Ya kyauta.

Wa ke da ja?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Bakano kenan, ko alkafura ce sai ya ɓoye ta don riba. Shi ya sa ake kakkaɓo ka. Mu nan da mun ga harsashi ya yi yawa muke juyawa sama, maki ya bi ruwa.

Baban Walid: Ai shi ya sa har yau ba a taɓa jin sunan Bazazzagi a saman jerin masu maki ba.

Abba Ƙarami: Ku yi haƙuri iyayena, na sauke shi a waya saboda yadda kuke zuzuta shi a nan, ban yi minti biyar ba na goge. Jirgin ba ya sauri, harsashi ɗaya ya taɓa ka shi ke nan, ga wata ƙara fit-fit-fit kamar an danne ɗan tsako a ƙarƙashin kwando. Me kuka gani a ciki don Allah?

Anti Bilki: Abba, a gilashin waya ka buga shi? To ai ba ka buga shi ba. Babban yatsanka ya rufe rabin inda jirgin yake, sannan ka ce ba ka ga harsashi ba. Wasan nan na maɓalli ne da za ka ji shi a ƙarƙashin yatsa. Nemi hannun gem ka haɗa da wayar ka dawo mu yi magana.

Amma a kan ƙarar ban da ta cewa. Mu a gidanmu dokar Hajiya ce: in za a sa wasan jirgi, a mayar da sautin talabijin sifili. Har na girma ban san wasan yana da wani sauti na daban in ka sauka lafiya ba.

Injiniya Habu: Kafin a yi nisa, ya kamata a raba zare da abawa, don abu biyu kuke haɗawa. Akwai 1942 na asali, wanda Capcom ta fitar a 1984 don injin gidan wasa, irin wanda ake jefa wa tsabar kuɗi a buga a tsaye. Sannan akwai wanda aka mayar na Famicom, injin wasan gida na Nintendo, a ƙarshen 1985, kuma ba ma'aikatan Capcom ne suka yi wannan aikin da hannunsu ba, kwangila aka ba wani ƙaramin kamfani mai suna Micronics. Abin da muka buga a Kano da Jos da Kaduna kwafin wannan na biyun ne, a kan injin jabu da aka kwaikwayi Famicom.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Na farko, allon gidan wasa a tsaye yake, dogo ne daga sama zuwa ƙasa, saboda haka kana hango jiragen abokan gaba tun daga nesa ka shirya musu. Talabijin ɗin gida kuwa a kwance yake, an rage maka nisan hange, kafin ka ankara sun iso hancinka. Na biyu, Famicom ba ta iya nuna fiye da ƙananan zane takwas masu motsi a kan layi ɗaya na allo. Da sun wuce takwas sai ta riƙa ɗauke wani tana mayar da wani, shi ne ƙyaftawar nan da kuke gani. A wasan ɗan tsalle-tsalle wannan ba komai ba ne. A wasan da harsashi ɗaya ke kashe ka kuwa, harsashin da ya ɓace na ƙiftawar ido shi ne ajalinka. Na uku, tafiyar allon kanta a na Famicom tana da tsalle-tsalle, ba ta zuba sumul irin ta asalin.

Kiɗan ma haka. A na asali usur ne da ganga irin na faretin soja. Ba wai daɗi ne da shi can ba, amma ka san me ake nufi. A Famicom ne ya koma wannan tsiwar da Abba ke kuka da ita.

Saboda haka Baban Walid, wanne kake yanke wa hukunci?

Baban Walid: Duka biyun na taɓa, Injiniya. Na yarda na asalin ya fi santsi nesa ba kusa ba. Amma tsawon da maimaicin duk ɗaya ne. Santsin titi ba ya rage nisan tafiya.

Na Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku har kuna da bakin kukan teku shuɗi da tsibiri kore. Mu injin da aka sayo mana daga Kano, da aka haɗa shi da talabijin ɗinmu sai ya fito fari da baƙi, don tsarin launin talabijin na Nijar a lokacin ba irin naku ba ne. To jiragen nan ja da suke zuwa a jere, waɗanda in ka kakkaɓe su duka suke sakin POW, wato alamar da kake ɗauka ta ƙara maka ƙarfi, mu ba mu san ja ba ne. Da yanayin tafiyarsu muke gane su: in ka ga biyar sun shigo daga gefe suna bin juna suna zagaye, to su ne.

Kuma ni a nan nake ganin gwanintar wanda ya tsara wasan. Ko ba launi, kowane jirgi da tafiyarsa. Ƙananan suna sauko maka su juya su gudu. Wasu su yi ta kewaya kamar ba su da niyyar tafiya. Manyan kuma daga bayanka suke fitowa, daga ƙasan allo, a hankali, su wuce ka sannan su fara harbi ta wutsiya. Duk wanda ya saba laɓewa a can ƙasan allo yana ganin ya tsira, wannan babban ne zai bi ta kansa. Wasan ya hana ka wurin ɓuya ba tare da ya rubuta maka ko kalma ɗaya ba.

Ɗan Zazzau: Bakano ya sayar muku da injin da ba ya nuna kala kuma har yau kuna gaisawa? Lallai Damagarawa akwai haƙuri.

Na Damagaram: Ai mun daɗe da sanin halin kayanmu.

Injiniya Habu: Maganar Na Damagaram ta tuna min wani abu da zai yi wa Baban Walid amfani. Yawancin injinan jabun da aka kawo mana an yi su ne don talabijin mai hoto 50 a daƙiƙa, alhali wasan an rubuta shi don mai 60, irin na Japan da Amurka. Ma'ana abin da ka buga kana yaro ya fi na ainihi nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Yanzu da ka kunna shi a kwamfuta yana gudu da cikakken saurinsa. Ƙari a kan haka hannun jabun yana da maɓallin turbo, ka danne kawai harsashi na ta fita. Na asali sai ka yi ta dannawa ɗaya-ɗaya har yatsa ya sage. In ka ga yanzu ana kashe ka da wuri, ba tsufa ne kaɗai ba.

Baban Walid: "Kaɗai" ɗin nan da ka saka ban ji daɗinsa ba, Injiniya.

Malamin Tarihi: Ni abin da ya fi ɗaure min kai a wasan nan ba wahalarsa ba ce. Capcom kamfanin Japan ne, a Osaka yake. Wanda ya tsara wasan, Yoshiki Okamoto, ɗan Japan ne. Amma jirgin da aka ba ka na Amurka ne, P-38 Lightning na kamfanin Lockheed, mai inji biyu da jela biyu, kuma aikinka shi ne ka yi ta kakkaɓo jiragen Japan har ka isa Tokyo. Shekara 39 kacal bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda suka yi yaƙin da yawansu suna raye a lokacin, wataƙila jikokinsu ne ke jefa kuɗi a injin. Kasuwar Turai da Amurka aka hanga, wannan a fili yake, amma duk da haka abin da mamaki.

Sunayen wuraren da matakan ke bi duk na gaske ne: Midway, Marshall, Attu, Rabaul, Leyte, Saipan, Iwo Jima, Okinawa. Kowanne an zubar da jini a cikinsa. Sai dai kada wani ya ɗauki wasan a matsayin darasi. P-38 jirgin sojan ƙasa ne, daga filin jirgi yake tashi, ba a yaƙi da shi daga kan jirgin ruwa kamar yadda wasan ya nuna. Kuma Attu can arewa take a tsibiran Aleutian kusa da Alaska, wurin sanyi da hazo, amma a wasan duk tsibiran kusan kamarsu ɗaya.

Wani abin lura, jiragen P-38 ne suka harbo jirgin da ke ɗauke da Admiral Yamamoto a watan Afrilun 1943, mutumin da ya tsara harin Pearl Harbor. Wato ba kowane jirgi suka ɗauko suka ba ɗan wasa ba.

Abba Ƙarami: Malam, to ai ni wannan labarin ya fi min wasan daɗi. Me ya sa ba su sa shi a ciki ba? Wasannin yanzu sai an nuna maka fim kafin ka fara.

Anti Bilki: Saboda mai injin ba ya son ka tsaya kallon fim, ɗana. So yake ka mutu cikin minti uku na bayanka ya jefa nasa kuɗin.

Baban Walid: Yawwa Anti, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Duk tsarin wasan an gina shi ne a kan mutumin da zai buga na ɗan lokaci ya tafi. A haka ba shi da aibi. Wanda ya jefa kuɗi ya ga mataki uku ko huɗu ba zai taɓa cewa teku ya ishe shi ba. Matsalar ta taso ne da aka kawo shi ɗaki, inda yaro zai zauna tun bayan la'asar har a kira magariba. A nan ne tsiraicinsa ke fitowa. Babban jirgin nan kore da ya cika allo, Ayako, shi ne kaɗai oga a wasan, kuma shi ɗin ne dai zai yi ta dawowa har sau huɗu. A ƙasa kuwa babu abin harbi ko ɗaya. Ka bi ta kan tsibiri, ka bi ta kan gari, duk ado ne. Alhali Xevious na Namco ya riga shi fitowa, kuma a can kana harbin na sama kana jefa wa na ƙasa bam, hankalinka a rabe biyu. Ta wannan fuskar 1942 baya ya koma.

Na Damagaram: A'a, ban yarda baya ya koma ba. Zaɓi ya yi. Xevious na sa ka tsaya ka saita bam, shi kuwa wannan so yake idonka ya tsaya a kan abu ɗaya, wato tafiyar jirage. Kuma kar ka manta da kason da ake nuna maka a ƙarshen kowane mataki, kashi nawa cikin ɗari ka harbo. Wannan lambar ita ce ke mayar da mutum. Ka sauka lafiya amma a ce maka kashi 70 ka yi, sai ka ji kamar an zage ka. Mu da yayana a kan wannan kason muke faɗa, ba a kan wa ya fi nisa ba.

Sannan ƙidayar matakan daga 32 take saukowa zuwa 1, ba hawa take ba. Kullum ana gaya maka saura nawa. Ƙaramin abu ne amma yana ja.

Baban Walid: Ni kuwa karya min gwiwa yake. Ka yi gumi ka yi gumi ka ɗaga kai ka ga an rubuta saura 24.

Kawu Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Ina ta karanta ku ina dariya. Ni tambayata ɗaya: a cikinku wa ya taɓa kai ƙarshensa a injin gida, ba da dabarar ajiye wasa ta kwamfuta ba? Don wasan ba shi da wurin ajiya, ba shi da lambar sirri. Sai ka zauna zama ɗaya, fiye da awa guda, kana addu'a kada a ɗauke wuta, kada adafta ta yi zafi ta ƙone, kada ƙaninka ya yi tuntuɓe da waya kaset ya motsa allo ya cika da zane-zane. Mu dai a gidanmu mai ƙaramin ƙarfi aka ɗora wa aikin yi wa adafta fifita da murfin kwali.

Anti Bilki: Ni na ga an kai, ban kai da hannuna ba. Yayanmu ne ya yi, muna zagaye da shi ko tari ba mai yi. Da ya gama mataki na ƙarshe muna jiran a nuna mana Tokyo, ko a nuna matuƙin ya sauko ana tafa masa. Kalmar taya murna guda ɗaya aka rubuta a allo. Shi ke nan. Ya daɗe yana kallon talabijin ɗin, sannan ya tashi ya zare kaset ɗin ya sa na ƙwallo.

Injiniya Habu: A na gidan wasa aƙalla ana zuba maka maki miliyan 10 a ce an sallama. Na gida ne aka yi wa ƙwauro.

Sadiq Mai Waya: Ni duk ban gane wanda kuke nufi ba. Wanda nake tunawa kana zaɓar irin fukafukin da za ka ɗaura wa jirgi kafin a fara, wani na harbi gefe, wani na harbi baya. Shi ne 1942 ɗin?

Injiniya Habu: Wannan B-Wings ne na Data East, kaset ɗaya suke zama shi ya sa ake cakuɗa su. Akwai kuma masu haɗa shi da Strikers 1945, wanda na Psikyo ne, 1995, ba ruwansa da Capcom sai kamar suna. Zuriyar Capcom ita ce 1942, sai 1943 a 1987, sai 1941 a 1990, sai 19XX, sai 1944 a shekarar 2000. Lambobin ba a jere suke ba, kada su ruɗe ka.

Ɗan Zazzau: To tunda an ambaci 1943, bari in faɗi abin da na zo faɗa tun ɗazu. Duk wani kuka da Baban Walid ya yi, 1943 ya share masa hawaye. Kana kukan babu abin harbi a ƙasa? A nan a yawancin matakai ka gama da na sama a cikin gajimare sai ka sauko kan rundunar jiragen ruwa, ka bi su kana fasa bindigoginsu ɗaya bayan ɗaya. Kana kukan oga ɗaya? Ga manyan jiragen ruwan yaƙi: ga Tone, ga Kaga, ga Akagi, har zuwa Yamato a ƙarshe. Kana kukan tsawo? An rage zuwa 16. Kana kukan harsashi ɗaya ya kashe ka? An ba ka ma'aunin ƙarfi, a buge ka ya ragu ka ci gaba. Ga makamai kala-kala, har da wanda ke goge harsashin abokan gaba a iska. A gidan wasa mutum biyu na bugawa tare a lokaci guda, ba jiran layi irin na 1942 ba. Kiɗan ma kiɗa ne na gaske da za ka iya bi da baki. Ni ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya koma wa 1942 ba bayan ya ɗanɗana wannan.

Na Damagaram: Ga dalili. Ma'aunin nan da kake yabo yana raguwa da kansa ko ba a taɓa ka ba. Kana tafiya yana zuba. Makaman da kake ɗauka kuma na ɗan lokaci ne, agogo na ƙirgawa, ya ƙare ka koma wa ƙaramar bindigarka a tsakiyar wuta. Ka kira walƙiya ko igiyar ruwa don ka share allo, daga jikin ma'aunin ake cira. Wato a 1943 kana iya yin wasa mai tsabta, ba abin da ya shafe ka, amma ka iso gaban oga a galabaice don ba ka tsinci abin ƙara ƙarfi a kan lokaci ba. Ga ƙarar gargaɗin nan da ke tashi in ya kusa ƙarewa, ta hana ka tunani. A 1942 in ka mutu ka san abin da ya kashe ka, ka gan shi da idonka, laifinka ne. Wannan adalcin nake so.

Ɗan Zazzau: Adalci? Wasan da in ka mutu zai ƙwace bindiga huɗun da ka samu, ya ƙwace ƙananan jirage biyun da ke rakiyarka a gefe, ya mayar da kai baya ka sake bin wurin da ya kashe ka da hannu wofi? Wannan ai an kashe ka ne an kuma bi ka da duka.

Na Damagaram: Ƙananan jiragen nan ma ni ba na ɗaukarsu kullum. Suna faɗaɗa harbinka, gaskiya ne, amma suna sa ka jin ka yi faɗi ka fara tsoron ratsa wurin da da za ka wuce salin alin.

Anti Bilki: Maganar ma'auni mai zuba da kansa ba 1943 ne ya fara ta ba. River Raid na injin Atari, 1982, man jirginka na ƙarewa sai ka bi ta kan tankin mai ka sha, ko ka harbe tankin ka ci maki ka yi asarar man. Kuma mace ce ta rubuta shi, Carol Shaw, a kamfanin Activision. Na faɗa ne saboda masu turo min saƙo ta bayan fage suna tambayar me mace ke yi a zauren wasan jirgi.

Kawu Zango: Ki bar su, Hajiya. Wanda ya turo ki ce ya zo ya nuna makinsa.

Malamin Tarihi: Ƙaramin tsokaci a kan 1943: cikakken sunansa yana ɗauke da Yaƙin Midway, alhali an gwabza Midway ne daga 4 zuwa 7 ga Yunin 1942. A nan Japan ta rasa manyan jiragenta huɗu masu ɗaukar jiragen sama, Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu, Amurka ta rasa Yorktown. Yamato kuwa sai Afrilun 1945 aka nutsar da shi, a hanyarsa ta zuwa Okinawa. Sun tattara shekara uku sun zuba a wasa ɗaya.

Kuma yaƙin nan da Japan bai yi mana nisa kamar yadda muke zato muna yara ba. Ba a tekun Pasifik ba, amma a Burma kakanninmu sun fuskanci sojan Japan ido da ido, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙarƙashin Ingila. 'Yan Arewa na da yawa a ciki, har Hausa ce harshen da ake magana da shi a bataliyoyin Najeriya. Su ne suka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945.

Ɗan Zazzau: Barikin Chindit da ke nan Zariya ai daga can sunan ya samo asali.

Kawu Zango: Mu ma hedikwatar sojanmu a Accra sunanta Burma Camp. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je, Allah Ya jiƙansa, in ya ga muna wannan wasan sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce su a ƙasa suka yi nasu, cikin daji da ruwan sama, da kaya a ka, jirgi sai dai ya jefo musu abinci ya wuce. Bai taɓa hana mu ba, amma bai taɓa zama ya kalla ba.

Baban Walid: Allah Ya jiƙan maza.

Abba Ƙarami: Amin. To na ari hannun gem wurin abokina kamar yadda Anti ta ce, na nemo na gidan wasan ba na Famicom ba, na kuma juya wayar a tsaye. Gaskiya ba ɗaya ba ne. Yanzu ina ganin harsashin. Har na gane abin da Kawu Na Damagaram ke faɗa, babban nan ya fito ta bayana ya murƙushe ni ina zaune a ƙasan allo. Amma har yanzu ina ganin in da za a yanke shi ya koma mataki goma, a sa oga daban-daban, da ya fi haka. Kuma mantawa nake da alkafurar sai bayan na mutu.

Baban Walid: Barka da shigowa ƙungiyarmu ta masu mutuwa da uku a aljihu.

Ɗan Zazzau: Abba, abin da ka kwatanta ɗin nan sunansa 1943. Yana cikin Capcom Arcade Stadium, tarin tsofaffin wasanninsu da aka fitar a 2021, kuma shi ne wanda suka bayar kyauta a ciki, 1942 sai ka saya. Ko su da suka haife shi sun san wanda za su fara nuna wa baƙo.

Na Damagaram: Ko kuma sun san wanda mutane za su yarda su ciro kuɗi a kansa.

Injiniya Habu: Duk wanda zai gwada a can, akwai maɓallin mayar da wasa baya in an kashe ka, akwai kuma na rage sauri. Ku sani in kun taɓa su makinku ba ya shiga lissafi a wurinmu.

Anti Bilki: To a daina surutu a zo a gwada. Na gidan wasa, rai uku, ba ci gaba bayan an mutu, ba mayarwa baya, ba turbo. Kowa ya ɗauki hoton allonsa da maki da matakin da ya tsaya ya turo nan kafin daren Juma'a. Ni ma zan shiga.

Sadiq Mai Waya: A bar mu mu 'yan B-Wings mu turo namu?

Anti Bilki: A'a.

Baban Walid: Na shiga. Amma Injiniya, a yi min rangwamen kashi ɗaya cikin shidan nan da ka ce, tunda da bakinka ka faɗa.

Injiniya Habu: Na Famicom na ce, Alhaji. Na gidan wasa da saurinsa ya zo tun 1984.

Ɗan Zazzau: Ga shi nan, tun ba a fara ba Bakano ya fara neman ragi. Na Damagaram, kai da kake cewa kason harbi ne ma'auni, da maki za a yi hukunci ko da kaso? A faɗa yanzu, kada ranar Juma'a wani ya kawo sabuwar doka.

Na Damagaram: Da maki. Amma wanda kasonsa na matakin farko bai kai 90 ba kada ma ya wahalar da kansa turowa.